Daga Aji Uku Ake Shiga Jami'a

A hutun da ya wuce ina zaune a tsakar gida da hantsi, sai ƙanwata ta zo da wata 'yar takarda ta miƙo mini, ta ce, "Yaya, ga shi an ce a cike a mayar ranar Litinin. Baba ya ce in kawo maka, wai kai ne ɗan jami'a." Takardar ba ta wuce tafin hannu biyu ba. An rubuta sunanta a sama, a ƙasa kuma ga gurabe uku: ajin kimiyya, da ajin adabi, watau wanda yara ke kira ajin At, da ajin kasuwanci. Abin da ake so kawai shi ne a yi alama a gurbi ɗaya, uba ya sa hannu. Shekarun yarinyar nan goma sha huɗu, gama aji uku na ƙaramar sakandare ke nan da ta yi.

Da na karɓi takardar sai gabana ya faɗi, domin na san ta. Shekara bakwai da suka wuce an ba ni irinta, ban ko karanta ta ba, kuma ita ce ta ci mini shekara guda cur ta rayuwata, kamar yadda zan bayyana nan gaba. Galibinmu mun ɗauka cewa ran da muka cike takardar JAMB ne muka zaɓi abin da za mu karanta a jami'a. A ganina ba haka abin yake ba. Wancan zaɓi an riga an yi shi tun muna aji uku, a kan 'yar takarda irin wannan, kuma sau da yawa ba mu ne muka yi shi ba. Wannan ne ya sa da na dawo makaranta na shiga bin diddigin al'amarin, ina so in san yaushe aka fara ɗora wa ɗan sakandare nauyin tsara karatunsa na jami'a, kuma wa yake yi masa zaɓin a kowane zamani. Abin da na samu shi ne zan gabatar wa 'yan'uwana ɗalibai, malamanmu kuwa su gyara mini inda na yi tuntuɓe.

Kafin zuwan boko ɗalibin ilmi a ƙasar Hausa yana da nasa tsarin karatu, kuma tsari ne mai hawa-hawa. Idan yaro ya sauke Alƙur'ani a makarantar allo, yana kuma da niyyar ci gaba, sai ya koma zauren malami ya ɗauki littafi. A fannin fiƙihu akan fara da su Ahalari da Ishmawi, a wuce Iziyya, a shiga Risala, mai dogon zango ya kai Askari da Muhtasar. A nahawu akan fara da Ajurumiyya, a tafsiri kuma ga Jalalaini. Ɗalibi shi ke neman malamin da ya shahara a fannin da yake so, ko da kuwa zai bar garinsu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo har Agadas ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru, ƙanensa Abdullahi kuwa littafi guda ya rubuta don ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da abin da ya karanta a gaban kowanne. Ba ina cewa wannan tsari ba shi da aibu ba ne, don mutum yana iya shafe shekara ashirin bai ga ƙarshensa ba. Amma akwai abu ɗaya da ya kamata mu riƙe: ba ya rufe ƙofa. Mai shekara arba'in da bai taɓa nahawu ba yana iya ɗaukar Ajurumiyya gobe da safe, ba wanda zai ce masa ai tun yana ɗan shekara goma sha huɗu ya kamata ya zaɓe ta.

Da Turawa suka zo sai zaɓi ya fita daga hannun ɗalibi baki ɗaya. A shekarar 1909 Hans Vischer, wanda aka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano. Manufarta ba ɓoyayyiya ba ce: a samu malamai, da 'ya'yan sarakuna masu iya karatun boko da lissafi, da masu sana'a, waɗanda za su riƙe ayyukan En'e. A shekarar 1921 aka fara karatu a Kwalejin Katsina, Gwamna Clifford ya zo ya buɗe ta a hukumance a 1922. Ita ce ƙololuwar karatun boko a Arewa a lokacin, kuma aikinta horar da malaman makaranta. Daga larduna ake zaɓo yaran a turo su, a koya musu Ingilishi da lissafi da tarihi da labarin ƙasa na tsawon shekara biyar, sa'an nan a mayar da kowa lardinsu ya koyar. Kimiyya sai daga baya ta shigo. Mai karatu ya dubi manyan da suka fito daga cikinta. Ahmadu Bello ya gama a 1931 ya koma Midil ta Sakkwato yana koyarwa. Abubakar Imam ya gama a 1932 ya zama malami a Midil ta Katsina. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gama a 1933 ya koma Midil ta Bauchi. Mutum uku masu baiwa daban-daban, amma hanya ɗaya aka shimfiɗa musu duka, domin ita kaɗai ce akwai. Wa ya san ko a cikinsu akwai wanda da an tambaye shi da likita zai ce, ko injiniya?

A wancan zamani maganar yaro ya tsara karatun jami'a ba ta ma taso ba, tun da babu jami'ar a ƙasar. Abin da ya fi kusa da ita shi ne Babbar Kwalejin Yaba da ke Ikko, wadda aka yi bikin buɗe ta a 1934. A can ana koyar da aikin likita da injiniya da aikin gona da safiyo da koyarwa, sai dai yawan ɗaliban da za a ɗauka a kowane fanni ya danganta ne ga yawan guraben aiki da ma'aikatun gwamnati suke da su. Watau gurbin aiki shi ke zaɓen ɗalibi. Sa'adu Zungur shi ne ɗan Arewa na farko da ya shiga Yaba, a 1934. Dokta R. A. B. Dikko kuwa, likita na farko daga Arewa, ta wata hanya dabam ya bi: daga makarantar mishan ta Wusasa zuwa Kwalejin Sarki ta Ikko, daga nan zuwa Jami'ar Birmingham a Ingila. Ita Kwalejin Katsina an mayar da ita Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, kuma ita ce aka sa wa suna Barewa a 1971.

Tarihin da nake bi ya fara sosai ne a watan Janairu na 1948, sa'ad da aka kwashe ɗalibai 104 daga Yaba aka kafa Kwalejin Jami'a ta Ibadan da su. Kwalejin tana ƙarƙashin Jami'ar Landan ne, digirin Landan take bayarwa har zuwa 1962, saboda haka sharuɗɗan shiga irin na Ingila ta ɗauko. Daga nan ne ɗan sakandare a Nijeriya ya fara gamuwa da ƙa'idar cewa kowane fanni na jami'a yana da darussan da dole a zo da su daga ƙasa. Mai son likitanci sai da fizis da kemistiri da bayoloji, mai son injiniya sai da lissafi da fizis. A 1952 aka kafa hukumar jarrabawa ta Afirka ta Yamma, watau WAEC, ta gaji aikin da jami'o'in Ingila irin su Cambridge suke yi na shirya jarrabawar gama sakandare. Tun da yake ba a iya ɗaukar dukan darussa a wannan jarrabawa, sai makarantu suka ɗauki al'adar raba ɗalibai kashi-kashi wajen ƙarshen fom uku, don a samu shekara biyu ana shiri. To, asalin 'yar takardar ƙanwata ke nan.

Ana gab da samun mulkin kai, a 1959, gwamnati ta kafa kwamiti ƙarƙashin Sir Eric Ashby don ya duba bukatun ƙasar na ilmi mai zurfi. Mutum tara ne, uku 'yan Nijeriya, uku Ingilishi, uku Amurkawa. 'Yan Nijeriyar su ne Kenneth Dike da Sanya Onabamiro da Shettima Kashim na Barno. Rahotonsu ya fito a watan Satumba na 1960. Yadda suka yi aikin abin lura ne, domin daga sama suka faro: suka ƙiyasta yawan likitoci da injiniyoyi da malamai da ma'aikata da ƙasa za ta bukata, sa'an nan suka gangaro suna lissafin yara nawa za a shigar jami'a, nawa za a shigar sakandare. Sun ba da shawarar a kai ɗalibai 7,500 a jami'o'i kafin 1970, kuma a ƙarfafa aji shida na sakandare, wanda aka fi sani da HSC, ya zama shi ne babbar hanyar shiga jami'a. A wannan lissafi ƙasa ce ke tsara wa yaro karatu gwargwadon bukatarta. A Arewa kuwa bukatar ta fi tsanani, domin gwamnatin Sardauna tana ƙoƙarin cike guraben aiki da 'yan Arewa, ga shi masu takardar ba su da yawa. Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe ranar 4 ga Oktoba 1962 da ɗalibai 426 ta fara.

Tsarin HSC shekara biyu ne bayan fom biyar. Ɗalibi yakan ɗauki manyan darussa uku ya zurfafa a cikinsu, da wata takarda ta ilmin gama-gari, idan ya ci sai ya shiga jami'a kai tsaye ya yi digiri cikin shekara uku. Matsalarsa a Arewa ita ce makarantun da ke da aji shida 'yan ƙalilan ne, irin su Kwalejin Gwamnati ta Zariya da ta Keffi, 'yan mata kuwa sai su dangana da Makarantar Sarauniya Elizabeth ta Ilorin, wadda aka buɗe a 1956. Yaron da ya yi sakandaren lardi inda babu ɗakin gwaje-gwaje mai kyau, ko kusa bai isa ya yi mafarkin likitanci ba, kome kaifin ƙwaƙwalwarsa.

A nan zan tsaya in kawo abin da na ji daga bakin wanda ya bi hanyar da ƙafarsa, watau Baffana, yayan mahaifina, wanda ya gama firamare a 1969. A lokacinsu firamare shekara bakwai ce a Arewa. Ya ce mini bayan jarrabawar shiga makarantun gaba, sai aka kira su ganawa, wasu manya suka yi musu 'yan tambayoyi, bayan 'yan makonni sakamako ya fito: wane sakandare, wane kwalejin horon malamai, wane makarantar koyon sana'a. Na ce, "Baffa, ba a tambaye ku wadda kuke so ba?" Sai ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wa zai tambaye ka? Kai da aka ba ka katifa da sabulu da kuɗin mota? Inda aka ce ka tafi nan za ka." Ya ce amininsa da ya fi shi ƙoƙari a lissafi kwalejin malamai aka tura shi, saboda a shekarar malamai ake nema, kuma sai da ya yi koyarwa, ya je ya yi NCE, sa'an nan ya samu shiga jami'a yana da 'ya'ya uku. Shi Baffa a ƙarshen fom uku aka karanta sunansa cikin 'yan adabi. Amma ga inda labarinsa ya bambanta da namu. Bayan fom biyar ya tafi kwalejin share fagen shiga jami'a ta jiharsu da niyyar zama lauya, ya yi shekara biyu a can. A cikin shekarun nan biyu ya gamu da wani malamin tarihi da ya juya masa tunani, ya ga lauyoyi da idonsa a kotu ya ga aikin bai kwanta masa ba, ya yi hira da waɗanda suka riga shi shiga jami'a. Da lokacin cike takarda ya zo yana da shekara ashirin da ɗaya, ya san kansa, ya rubuta tarihi, kuma har ya yi ritaya bai taɓa nadama ba. Ashe shekarun nan biyu, ban da karatun da ake yi a cikinsu, wani zango ne da matafiyi ke hutawa ya dubi gabas da yamma kafin ya ɗauki hanya.

Irin kwalejin da Baffa ya shiga 'ya'yan shekarun 1970 ne. Ganin cewa HSC ba ta kawo isassun ɗalibai daga jihohin Arewa, sai Jami'ar Ahmadu Bello, a zamanin shugabancin Farfesa Ishaya Audu, ta buɗe makarantar share fage tata a Zariya a farkon shekarun nan, jihohi kuma suka bi sahu da nasu kwalejojin. Ta Maiduguri ita ce ta rikiɗa ta zama jami'a a 1975. A 1976 aka kafa jarrabawar IJMB don ta haɗa waɗannan kwalejoji a kan ma'auni ɗaya, kuma har yanzu tana nan.

Jihar Kano kuwa ta ɓullo wa al'amarin ta wata fuska. Maimakon a jira yara su gama sakandare sa'an nan a yi musu gyara, sai aka ce a kama su tun da wuri. A 1977 aka buɗe makarantun sakandaren kimiyya na musamman a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, aka ƙara da ta 'yan mata a Taura a 1981. Jarrabawa ake yi a tsamo yara masu ƙoƙari daga sauran makarantu, a tara su wuri guda, a ba su malamai da kayan aiki, ba abin da ke gabansu sai kimiyya. Babu mai musun cewa shirin ya haifar da ɗa mai ido, domin likitoci da injiniyoyi da yawa na Kano da Jigawa daga nan suka fito. Amma a ganina ya bar mana wani gado da ba a yi nufinsa ba. Tun daga lokacin ya zauna a zukatan iyaye da malamai cewa yaro mai ƙoƙari na kimiyya ne, abin da ya rage bayan an tace shi ne na adabi. Manufar gwamnatin tarayya ta cewa a ba kimiyya kashi 60 cikin ɗari na guraben jami'a, sauran fannoni su raba kashi 40, ita ma ta ƙara wa wannan ra'ayi ƙarfi.

Sai kuma JAMB. Kafin 1978 kowace jami'a ita ke ɗaukar ɗalibanta. Mai nema yakan rubuta wa jami'a uku ko huɗu, wani ya samu shiga duka ya zaɓi ɗaya, sauran guraben su tafi a banza, wani kuma bai samu ko ɗaya ba. Da jami'o'i suka ƙaru daga shida zuwa goma sha uku bayan 1975, sai abin ya gagari kundila, gwamnatin soja ta kafa JAMB da doka a 1978, Michael Angulu ya zama magatakardanta na farko. Abin da ya shafe mu a nan shi ne littafin jagora da hukumar ta riƙa fitarwa, wanda a da ake bayarwa tare da takardar neman shiga, yanzu kuwa yana intanet. A cikinsa aka jera kowane kwas da darussan da yake bukata. Ingilishi dole ne ga kowa, sai darussa uku gwargwadon fanni, ban da kiredit biyar da ake nema daga jarrabawar gama sakandare. Wannan littafi shi ne taswirar hanya, amma abin mamaki shi ne galibin yara ba su ganinsa sai suna aji shida, bayan sun yi shekara uku suna tafiya. An ba matafiyi taswira bayan ya wuce mararraba.

Canji mafi girma ya zo da tsarin 6-3-3-4. Tushensa babban taron manhaja da aka yi a Ikko a 1969, wanda ya haifar da manufar ilmi ta ƙasa ta 1977. Aka fara aiki da sabon tsarin sakandare a 1982, rukunin farko suka rubuta sabuwar jarrabawar gama babbar sakandare a 1988. Niyyar kyakkyawa ce: yaro ya yi shekara uku yana ɗanɗana kowane fanni, har da aikin katako da ƙarfe da lantarki, sa'an nan a duba inda baiwarsa take a nuna masa hanya. Manufar ta tanadi malamai masu ba da shawara a makarantu saboda wannan aiki. Aka sayo injuna daga ƙasashen waje don koyar da sana'a, da yawansu suka tsufa cikin akwatunansu saboda rashin wuta da rashin masu koyarwa. Malamin shawara kuwa, a makarantu da yawa, suna ne aka liƙa wa wani malami da ke fama da nasa darasin. Abin da ya tabbata daga tsarin shi ne an kashe HSC, digiri ya koma shekara huɗu, firamare ta tsaya a shekara shida. Zangon nan da Baffa ya huta a cikinsa ya ɓace daga babbar hanya. IJMB da makarantun gyaran takarda suna nan, gaskiya ne, amma sun zama hanyar ratse, kuma sai mai kuɗin biya. Saboda haka zaɓin da Baffa ya kammala yana da shekara ashirin da ɗaya, yanzu ana so ƙanwata ta kammala shi tana da goma sha huɗu. Manhajar da aka fara a 2011, wadda ta kasa babbar sakandare fanni huɗu ta kuma ƙara darasin sana'a da na zama ɗan ƙasa, ba ta taɓa wannan matsala ba.

Yanzu bari in cika alkawarin da na yi na ba da nawa labarin. Na ci jarrabawar aji uku da kyau, don haka ba a ma jira takardata ta dawo ba aka rubuta sunana a ajin kimiyya. Baba ya yi murna, ya fara kirana Likita, 'yan unguwa suka ɗauka. A makarantarmu, wadda ba zan ambaci sunanta ba, mun yi kusan shekara guda babu malamin fizis. Wani ɗan bautar ƙasa ya zo ya riƙe mu 'yan watanni, wa'adinsa ya cika ya tafi. Ɗakin gwaje-gwaje kuwa sai ana saura mako biyu jarrabawa muka ga cikinsa. Ba zan ɗora wa makaranta laifin duka ba, domin ni kaina zuciyata ba ta wurin. Littattafan Abubakar Imam da na su Bature Gagare nake ɓoyewa cikin littafin kemistiri. Sakamako ya fito, fizis ta kā da ni, Hausa kuwa, wadda na ɗauka don cike gurbi, ita ce na fi ci. Da na buɗe littafin jagora a karo na farko sai na ga na faɗa tsakiya: likitanci ya kuɓuce, fannonin adabi kuma suna neman darussan da ban taɓa zama ajinsu ba. Sai da na zauna gida shekara guda, na karanta Adabin Ingilishi da Gwamnati da kaina, da taimakon wani maƙwabcinmu malami, na rubuta jarrabawar 'yan waje, sa'an nan na cike Hausa a matsayin zaɓina na farko. Baba ya yi wata uku bai yi mini wata doguwar magana ba.

Na san a cikin masu karanta wannan mujalla akwai waɗanda ba su nemi Hausa ba, lauya ko aikin jarida suka nema aka turo su nan. Ba abin kunya ba ne, kuma na ga da yawa daga cikinsu sun fi mu da muka zo da ƙafarmu ƙoƙari. Amma yana da kyau mu san cewa raina wannan fanni shi ma yana da tarihi. Tun kafin shekarar 1900 Jami'ar Cambridge tana da malamin Hausa, watau C. H. Robinson mai ƙamus, alhali a ƙasar Hausa sai a 1969 aka kafa Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, shekarar da M. K. M. Galadanci ya kammala digirinsa na uku a Landan a kan nahawun Hausa, digirin farko a Hausa kuwa sai cikin shekarun 1970. Fannin da ya makara haka wajen samun kujera a jami'a, ba mamaki in har yau malamin aji uku bai san zai iya nuna wa yaro mai ƙoƙari shi ba.

To, in koma kan ƙanwata. Na tambaye ta, "Ke me kike so ki zama?" Ta sunkuyar da kai ta yi shiru, sai da na matsa ta ce, "Lauya, Yaya. Amma malaminmu ya ce mai maki irin nawa abin kunya ne ta tafi At. Kuma Baba ya ce tun da kai ka ƙi, ni zan zama likitar gidan." Na buɗe littafin jagora a wayata na nuna mata inda aka rubuta cewa mai neman lauya sai da Adabin Ingilishi. Na tambaye ta ko 'yan kimiyya a makarantarsu suna yin sa, ta ce a'a, lokacinsa ɗaya da na fizis. Ke nan idan aka yi alama a gurbin farko ranar Litinin, an rufe mata kotu tun ba ta san ƙofarta ba.

Bayan sallar isha'i na sami Baba a zaure na gaishe shi, na ajiye takardar a gabansa, na faɗa masa abin da yarinyar ta ce. Ya daɗe yana kallon takardar, sa'an nan ya ce, "Kai ma haka ka yi mini." Na ce, "Baba, ni ban faɗa ba sai da shekara huɗu ta wuce. Ita ta faɗa tun yau." Bai amsa ba, ya ce in tafi sai ya yi shawara. Washegari na ji shi a waya da Baffa, sun fi rabin sa'a suna magana, ban san abin da suka ce ba. Ranar Lahadi da dare ya kira ta da kansa ya miƙa mata takardar, da alama a gurbi na biyu, da sa hannunsa a ƙasa.

Ranar Litinin na raka ta makarantar, domin akwai tambayar da ba wanda ya yi a kaina shekara bakwai da suka wuce. Na sami mataimakin shugaban makaranta na gaishe shi, na ce, "Malam, don Allah akwai malamin Adabin Ingilishi?" Ya ce akwai malama ɗaya, ita ke riƙe da aji huɗu har zuwa shida, kuma tana da saura shekara biyu ta yi ritaya. Na karɓi jerin littattafan da za a karanta, na biya kasuwa na sayo mata uku daga ciki da ragowar kuɗin motata.